Katin sana'a ɗari biyu da na buga a Yamai, bayan wata huɗu a aljihu

Gyaran firigo da na'urar sanyaya ɗaki nake yi, shagona yana wajen kasuwar Wadata. Shekara da shekaru, in na gama aiki a gidan mutum sai in yagi kwalin shayi in rubuta masa lambata. Wata hajiya a Yantala ce ta sa na daina. Firigonta ya lalace ana cikin azumi, ta kwana uku tana neman takardar, ƙarshe ta kira wani. Abin ya yi mini ciwo.

Katina na farko wani yaro ya tsara mini. Ya cika shi maƙil: hoton firigo, hoton fanka, lambobi uku, launi huɗu, ga rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Na yi ta murna, har ranar da na miƙa wa wani dattijo. Ya nisanta katin, ya kusanto da shi, ya ce, "Ɗana, karanta mini." Sauran suna nan cikin durowa.

Na biyun, wanda nake sharhi a kansa, a wani ƙaramin gidan buga takardu na yi shi, ba nisa da Babbar Kasuwa. Mai wurin ya dubi tsohon katin ya tambaye ni, "Maigida, wanda ya karɓi wannan, me kake so ya yi?" Na ce ya kira ni. Ya ce to a bar abin da zai sa ya kira, a cire saura. Mun ja da shi sosai a kan hoton firigon, don ni ina son abina. Shi ya yi nasara, kuma yanzu na yarda da shi.

Abin da ya rage: sunan shago, layi guda mai faɗin aikin da nake yi da Hausa da Faransanci, da lamba ɗaya tak. Lambobinmu na Nijar takwas ne, ya raba su biyu-biyu yadda muke faɗinsu da baki, ya yi su manya, ya sa +227 a gaba saboda masu kira daga waje ta WhatsApp, irin ƴan'uwan da ke Abijan ko Kwatano masu biya wa iyayensu kuɗin gyara. Adireshi kuwa bai ɓata wuri da sunan titi ba. Kwatance ya rubuta, irin wanda za ka yi wa ɗan kabu-kabu.

Girman katin milimita 85 ne da 55, kusan daidai da katin banki, yana shiga walat ba sai an lanƙwasa ba. Takardar mai kauri ce, wadda suke kira mai giram 350, wato nauyin falle mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ya ba ni ta 250 in taɓa, na ji bambancin a yatsa. Wannan kaurin ya yi mini rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Ina yini da katunan a aljihun riga, gumi yana jiƙa su, amma rubutun bai zuba ba. Gaban an lulluɓe shi da siririyar leda marar ƙyalli, bayan kuma aka bar shi fari. Nan ne na fi jin daɗi: ina rubuta wa mai gida ranar da na ƙara gas da ranar da ya kamata a wanke na'urar. Katin da ke ɗauke da wannan ba a yar da shi. Na shiga gidaje na tarar da shi manne a jikin firigo.

Akwai inda ban gamsu ba. An ce mini kwana biyu, sai da na yi sawu uku, kwana biyar, wai ɗaukewar wuta ce. Shuɗin da na zaɓa a kwamfuta ya fito da duhu a takarda. Ya bayyana mini cewa allo da haske yake haɗa launi, injin kuwa da tawada huɗu, amma da ya gaya mini tun farko. Sannan a gwajin farko, ɗ ta kalmar "ɗaki" ta ɓace, wani ɗan akwati ya fito a madadinta, don salon rubutun da ya ɗauka ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Da ban nace a buga mini guda ɗaya in gani ba, da ɗari biyu sun tafi a haka. Tambarin QR, ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da waya ke karantawa, da ya lallashe ni na sa a gefen katin kuwa, har yau ban ga wanda ya haska shi da waya ba.

Jaka goma sha biyar na biya. Saura kati talatin da ƴan kai, kuma wurinsa zan koma. Wannan karon zan ce ya cire QR ɗin, ya sa layi guda da Zabarmanci a wurin.