Yadda muka ƙare da maganar hannun ɗanki a Ingila

Yaya barka da warhaka, ya yara ya zafin Kano. Kin ce in ba ki labarin hannun ɗanki dalla-dalla saboda yaron maƙociyarki, to ga shi.

Abin da suka fi mu da shi a nan sa ido ne tun da wuri. Kowane jariri ana ba shi wani jan littafi da ake rubuta awonsa da rigakafi, in ya kai shekara 2 zuwa 2 da rabi nas mai zagayen gida za ta ba ki fom ki cike, yana iya ɗora ƙananan katakai kan juna? yana zura zare a dutsen ado? cokali fa, yana kai shi baki ba tare da ya zubar ba? Mu lokacin an ce a dai sa ido. Sai da ya shiga nazare, da yake gwamnati na ba 'yan shekara 3 da 4 awa 15 kyauta a sati, malamarsu ta kira ni gefe ta ce yaron nan fensir kamar muciya yake damƙarsa, almakashi ya gagare shi, zif ɗin rigar sanyi ma sai an ja masa, kuma a nan watan Satumba bayan yaro ya cika 4 ake shiga makaranta, lokaci ya matso. Ita da Senko, wato malamar da ke kula da yara masu buƙata ta musamman, su suka rubuta takardar tura mu wurin masu OT, wato ma'aikatan lafiya masu horar da mutum ya iya ayyukan yau da kullum kamar rubutu da sa kaya.

Kyauta ne a asibitin gwamnati amma fa layi, wallahi watanni muna jiran wasiƙa. Masu kuɗi na zaman kansu suke zuwa, kuɗin awa ɗaya in kika juya shi naira sai kanki ya sara, kuma dole mutum ya duba ko sunan mai aikin na cikin rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista a nan, kafin ya biya.

Ranar da aka kira mu na zaci na'urori zan tarar. Ɗaki ne da tabarmar roba da ƙaramin tebur. Matar ta ɗauko wani abu mai danƙo ta cusa duwatsun ado a ciki ta ce ya tono su ɗaya-ɗaya, yana tonowa tana kallon babban yatsa da manuni, sannan ta karya kalar zane ta miƙa masa ɗan guntu, wai guntun ba ya damƙuwa a tafin hannu dole yatsu uku su yi aiki. Ta manna takarda a bango ta ce ya yi zane a tsaye, don sai kafaɗa da wuyan hannu sun yi ƙarfi kafin yatsu su nutsu. Maganar disfiraksiya kuwa, wato lalurar da ke sa yaro ya kasa daidaita motsin gaɓoɓinsa, ta ce ba a cika yanke hukunci ba kafin yaro ya kai 5. Aikin gida da ta ba mu: matse abin shanya, tsintar wake da yatsu biyu, kwaɓa fulawa, yayyaga takarda.

Yaya ina karanta takardar ina dariya ni kaɗai a bas. Wannan ai shi ne rayuwarmu a gidan Inna, ɓarar gyaɗa, tsince shinkafa a faifai, 'yar carafke, ginin tukunyar laka bayan ruwan sama, maza na motar kara, ga cin tuwo da hannu kullum, ga allo a jingine kan gwiwa ana rubutu da alƙalamin kara. Yaran nan kuwa rabin shekara suna kulle a ɗaki saboda sanyi da duhu, takalmi na mannawa ne ba igiya, yatsa ɗaya kawai ke aiki a kan waya.

Amma kar in yabi gida da yawa. Yaron da hannunsa bai nuna ba a wajenmu sunansa rago ko sangartacce, malam ya bi yatsun da rula, in bahago ne ma a ce sai ya koma dama. Masu gashin ƙashi kowa ya san su a Dala da asibitin Malam Aminu Kano, amma masu OT kaɗan ne a Najeriya gaba ɗaya, makarantunsu da aka fi sani suna kudu, ta tarayya a Oshodi Legas da jami'ar Ife. Ki ce wa maƙociyar taki ta fara da likitan yara a duba ido da jijiya tukuna, sannan ta tambaya a sashen gashi ko suna da mai OT, kuma dan Allah a daina dukan hannun.

Ɗanki yanzu yana ɓalle maɓalli manya, ƙananan ne dai har yau sai an yi kuka. In kin samu mai tahowa ki aiko min da ƙaramin allo da alƙaluman kara, tawada kam a bar ta kar ta ɓata wa mutane kaya a jirgi, zan san yadda zan haɗa a nan. A gaida Baba da su Inna.