Shafin NIST na ƙididdigar injiniyoyi ya koya mini Turancin awo

Aikina duba ingancin kaya ne a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa, a Kano. Turancin makaranta ina da shi daidai gwargwado, amma na takardun awo wani yare ne daban. Ƙamus zai ce maka "error" kuskure ne, alhali a wurin awo tazara ce tsakanin abin da na'ura ta nuna da ainihin girman abu, ko da ba wanda ya yi sakaci.

Abin da ya warware mini wannan ƙulli shi ne shafin e-Handbook of Statistical Methods, wanda hukumar awo ta Amurka, NIST, ta haɗa tare da SEMATECH, gamayyar kamfanonin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kyauta ne, ba rajista, kuma da yake rubutu ne da zane-zane, ba ya cin data. Babi 8 gare shi, amma ni a na biyu na tare, wato na awo.

Ba ya jefo maka ma'ana ya wuce, sai ya nuna maka kalmar tana aiki. A nan na rabe "repeatability" da "reproducibility". Ta farko, mutum ɗaya ne da na'ura ɗaya yake maimaita awo a zama ɗaya. Ta biyu kuwa, an sauya rana ko mai awon, a ga ko sakamakon zai tsaya. Wallahi wannan bambanci ya kashe gardama mai yawa tsakanin masu aikin safe da na dare a wurinmu, don yanzu muna iya gano ko matsalar ta na'ura ce ko ta hannu. Babi na shida kuma ya yi bayanin jadawalin sa ido kan inganci, wanda Walter Shewhart ya ƙirƙiro a 1924, da dalilin ja masa iyaka a sigma 3, wato ninki uku na ma'aunin yadda sakamakon awo ke warwatsuwa daga matsakaicinsa.

Inda ya gaza mini: Turanci ne zalla, kuma misalai da yawa daga masana'antar silikon aka ɗauko su, abin da ya yi nisa da roba da bulo da muka sani. Ɗalibin da bai taɓa ƙididdiga ba zai sha wuya in ba malami a kusa. Amma mai difloma ko digirin injiniya da ke riƙe da kalifa ("caliper", na'urar auna kauri da faɗin abu) kullum, ya fara da babi na biyu, da littafin rubutu a gefe.