Google Scholar a hannun malamin ƙwayoyin cuta: gwani wajen nemo maƙala, mai ruɗi wajen auna masani

Ɗaliban da ke neman wanda zai duba musu aikin digiri na uku a fannin ƙwayoyin bairos sun koyi wata sabuwar magana: "Malam, na duba Farfesa wane a Google Scholar, an ambace shi sau dubu kaza." Kwamitocin ƙarin girma ma sun kama, har ana cewa a bugo shafin mutum a liƙa cikin fayil. Google Scholar dai shafin Google ne na neman maƙalun bincike, yana kuma ƙirga sau nawa wasu maƙalu suka kafa hujja da aikin mutum, wato ambato. Da yake kusan kullum sai na buɗe shi, ko don shirya lacca ko don duba aikin ɗalibi, na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a kansa. Wajen nemo maƙala, a cikin na kyauta ban san na biyunsa ba. Wajen auna darajar masani kuwa, mudu ne da duk mai wayo zai iya bubbuge gindinsa.

A watan Nuwamban 2004 aka ƙaddamar da shi, injiniyoyi biyu na Google, Anurag Acharya da Alex Verstak, suka kafa shi. Sai a 2011 aka ba kowane mai bincike damar buɗe shafin kansa, ya sa hoto da sunan jami'a, maƙalunsa su jeru a ƙasa. Ba a biyan ko kwabo, ba ya cin data sosai, kuma yana buɗewa a ƙaramar waya ko da sabis na jan ƙafa. Wanda ya taɓa zaman jiran laburare ta sabunta rajistar Scopus, rumbun neman maƙalu da ake biya wa kuɗi, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne bin sawu. Rubuta sunan Oyewale Tomori, masanin bairos ɗan Najeriya, tare da Lassa. Cikin abin da zai fito akwai maƙalar da aka buga a mujallar BMJ a 1995, wadda shi da Abdulsalami Nasidi suke cikin marubutanta tare da Susan Fisher-Hoch da Joseph McCormick. Ta yi bayanin yadda zazzaɓin Lassa ya yaɗu cikin asibitoci a jihar Imo a 1989: mutum 34 suka kamu, 22 suka rasu, cikin waɗanda suka kamu har da likitoci da ma'aikatan jinya, kuma sake amfani da allura da sirinji na cikin manyan dalilai. A ƙarƙashin maƙalar akwai ɗan layi mai nuna duk wanda ya kafa hujja da ita daga baya. Danna shi, sai ka ga zancen yana tafe shekara bayan shekara, daga masu nazarin kare ma'aikatan asibiti zuwa masu karanta jerin ƙwayoyin halittar bairos ɗin, har ka iso aikin da ya fito a mujallar Cell a 2015, wanda ya nuna cewa asalin Lassa daga yankin Najeriya ne tun fiye da shekara dubu da suka wuce. A zama ɗaya ɗalibi zai gane wa ya gina kan aikin wa. Kusa da wannan layin akwai wani da ke jero duk wuraren da aka ajiye kwafin maƙalar, kuma sau da yawa a nan ake tsintar wadda za a sauke ba tare da biyan dala talatin ko arba'in ba.

Na biyu, yana ganin mujallunmu. Abin da aka ɗora a AJOL, rumbun mujallun Afirka, galibi yana fitowa, har da kundayen digiri da jami'o'i ke sakawa a intanet. Binciken da aka yi kan cutar hanta a wani asibitin gari, wanda Scopus da takwaransa Web of Science ba su san da zamansa ba, a nan za ka same shi. A wannan kam ya ci yabo.

Matsalar tana a gefen dama na shafin mutum, inda lambobi suke.

Lambobi uku ne: jimillar ambato, ma'aunin h, da ma'aunin i10. Masanin kimiyyar fiziks Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro ma'aunin h a 2005. Idan aka ce na mutum 20 ne, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Shi kuwa i10, yawan maƙalun da suka kai ambato 10 ne. Lissafin ba shi da laifi. Laifin, bai san wanda ya yi aikin ba. A fanninmu, musamman tun da aka shiga zamanin karanta jerin ƙwayoyin halitta, maƙala ɗaya kan ɗauki marubuta hamsin, ɗari, wani lokaci fiye. Wanda ya tsara binciken ya rubuta, da wanda ya aiko samfurin jini guda goma, da shugaban sashen da aka sa sunansa don kara, duk rabo ɗaya suke samu. Mutum ya shiga manyan maƙalun korona biyu ko uku a 2020, sai ka ga sandunan jadawalinsa sun yi tsalle sama, ya wuce wanda ya ƙare rayuwarsa kan cutar shawara ko haukan kare, cututtukan da masu rubutu a kansu ba su da yawa balle su ambace shi.

Akwai maƙalar da nake sa ɗalibaina su buɗe kafin mu yi zancen lambobi. Ta fito a mujallar Science a watan Agustan 2014, ana tsakiyar annobar Ebola, inda aka karanta jerin ƙwayoyin halittar bairos 99 daga majinyata 78 a Saliyo. Marubutanta sun haura 50, cikinsu har da Christian Happi na Jami'ar Redeemer's. Biyar daga cikinsu ba su ga fitowarta ba, Ebola ta kashe su. Ɗayansu Dakta Sheik Humarr Khan ne, mai jagorantar sashen Lassa a asibitin gwamnati na Kenema, wanda ya rasu ranar 29 ga Yulin shekarar. An ambaci maƙalar ba adadi, amma babu wani abu a lissafin da zai bambanta wanda ya zari jinin majinyaci cikin rigar kariya da wanda ya gyara waƙafi a wata nahiyar.

Haka abin yake da Tomori kansa. A Zariya ya karanta likitancin dabbobi, ya yi digiri na uku a Ibadan, ya yi aiki kan bairos ɗin Orungo tun shekarun 1970. Amma babban abin da Afirka ta ci moriya daga gare shi, shekara goman da ya yi daga 1994 a matsayin masanin bairos na Hukumar Lafiya ta Duniya reshen Afirka ne, lokacin da ya haɗa ɗakunan gwajin shan inna na nahiyar suka zama tsintsiya ɗaya. Irin waɗannan ɗakuna, da na Ibadan da na Maiduguri a cikinsu, su suka riƙa gwada bayan gidan yaran da ƙafarsu ta shanye, har aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali. Horas da ma'aikaci, ko tabbatar da cewa samfur ya iso daga ƙauyen Borno da sanyinsa, ba ya haifar da ambato ko ɗaya.

Sannan ambato ba yabo ba ne. Didier Raoult na Marseille a Faransa masani ne na gaske, yana cikin waɗanda suka bayyana wa duniya ƙaton bairos ɗin nan mimibairos a 2003. Amma maƙalarsu ta watan Maris 2020, mai cewa maganin haidroksikulorokwin na taimakon masu korona, an ambace ta sau dubbai, da yawa don a ƙaryata ta, kuma mujallar ta janye ta a Disamban 2024. Duk wannan yana shiga jimilla. PubMed, rumbun neman maƙalun kiwon lafiya, kan sa tambari ɓaro-ɓaro a kan maƙalar da aka janye. Google Scholar ba shi da tsayayyen tsari irin wannan, sai in mujallar ce ta sauya kan maƙalar, ko nan ma tsofaffin kwafin suna nan yadda suke.

Maganar bubbuge mudu kuwa, an gwada an gani. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri mai bincike na bogi da suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalun shirme kusan ɗari masu ambaton juna. Ba a jima ba sai ga shi a saman Einstein. A 2024 ma an maimaita wasan da sunan wata mage. Dalili a fili yake: na'ura ce ke tsince duk abin da ya yi kama da maƙala, babu editan da ke tacewa, kuma ba ta ware inda mutum ya ambaci kansa. A Scopus akwai maɓallin cire wannan. A nan babu.

Mu kuma muna da namu ciwon daban, na suna. Muhammad, Mohammed, Muhammed, kowace mujalla da yadda ta rubuta. Wani lokaci sunan uba ne a gaba, wani lokaci sunan gari. Mace ta yi aure sai maƙalunta su rabu gida biyu. Ka yi tunanin yawan masu bincike da ake taƙaita sunansu "A. Ibrahim" daga Kano zuwa Alƙahira zuwa Malesiya. Idan mai shafi ya bar wa na'ura ta riƙa ƙara masa maƙalu da kanta, aikin takwarorinsa na iya kwararowa ciki, ka ga masanin ƙyanda da maƙala kan siminti. Wasu ba su lura ba ne. Wasu sun lura sarai, sun dai kau da kai.

To yaya nake amfani da shi? Na farko, ina jera maƙalun mutum bisa shekara maimakon yawan ambato, in ga ko yana da zare ɗaya da yake bi ko duk inda annoba ta ɓulla nan yake faɗawa. Ina duba inda sunansa ya zo farko ko ƙarshe, don a al'adar fanninmu nan ne gurbin wanda ya yi aikin da wanda ya jagoranta. Ina lura da sunayen ɗalibai: suna fitowa a gaba, ko kullum malam ne a gaba? Sai in ɗauki maƙala uku in karanta da idona, in kuma leƙa PubMed in tabbatar ba a janye ko ɗaya ba. Mai bincike kuma ya yi wa kansa gata: ya kashe ƙarin maƙala na kai tsaye, ya tabbatar da shafinsa da imel ɗin jami'a, ya yanki lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16, wadda ita ma kyauta ce, ya tsaya kan rubutun suna ɗaya.

In maki za a ba shi, tara cikin goma wajen nemo abin karantawa, huɗu wajen gane wane ne wane. Kwamitin da ya ga dole sai ya karɓi wannan shafi, ya haɗa da sharaɗi: mai neman girma ya zaɓo maƙalunsa biyar da kansa, ya rubuta a ƙarƙashin kowacce abin da hannunsa ya yi a ciki.