Excel ko Google Sheets: Da Wanne Za a Koyar da Ɗalibai?

Malamai sun sha yi mini wannan tambayar. Dukansu manhajoji ne na tsara bayanai da lissafi a tebur. Google Sheets kyauta ne, adireshin Gmail kawai ake buƙata, sai dai yana cin data. Excel na kan kwamfuta kuwa sai da lasisi, amma yana aiki ko babu intanet.

A aikin rukuni Sheets ya yi zarra. Ɗalibai na cike tebur ɗaya lokaci guda, malam kuma ya buɗe tarihin gyara ya gano wanda ya naɗe hannu. Ko an ɗauke wuta, aikin na nan, domin a intanet yake ajiye. Amma gwaji irin "nawa zan sayar in samu riba kaza?", Goal Seek da Solver, kayan aikin Excel masu lalubo adadin da zai ba da sakamakon da ake so, sun fi sauƙaƙa shi.

Makarantar da intanet ɗinta ba ya yankewa, Sheets ya ishe ta. Ɗalibin da ke harin aikin banki ko akanta, gara ya riƙe Excel.