Solar unguwa ko ta gida: Hajiya, ki shiga ta unguwa

Hajiya, tsakanin solar karo-karon da unguwarku ke shirin haɗawa da wadda kike so ki saya ke kaɗai, ki shiga ta unguwa. Duka biyun na taɓa.

Ta gida na fara saya, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da fetur ya gagari janaretana. Faranti biyu, inbata, da batir mai ruwa guda ɗaya. Fitila da fanka da cajin waya tana yi, ba zan zalunce ta ba. Ranar da na jona firiza kuwa ta yi ƙara ta ɗauke. Shekara da rabi batirin ya mutu, ga shi can bayan ɗaki kaji na hawa.

Ta layinmu nan wajen Ƙofar Ƙaura gida 22 muka haɗa. Farantan suna kan rufin Islamiyya, baturan litiyam ne a ɗaki mai kwaɗo, kowane gida da mitarsa, iya abin da ka sha iya abin da ka biya. Da farko maigidana ya ƙi. Ya ce ai mun ga aikin samar da wutar lantarki da iska na Lambar Rimi, fankoki 37 na megawat 10, tun zamanin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ke gwamna aka faro shi, aka shafe sama da shekara goma ana jira. Na ce masa wancan ba wanda ya zuba sisinsa a ciki balle ya bi sawu, wannan kuwa mai unguwa ne da liman ke sa hannu kafin kobo ya fita daga asusu.

Azumin farko bayan an kunna ba zan manta ba. Zafin Katsina kin san shi. Firizata ta kwana tana aiki, ta wuni tana aiki, la'asar na yi yara suka yi layi a zaure da kuloli, ƙanƙara da zoɓo da kunun aya suka ƙare kafin kiran salla.  Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne batir, don shi ne mai cin kuɗi a harkar sola: duk kuɗin da muka loda a mita ana ware wani abu na sauya shi. Lokacin hunturu kuma, da ƙura ke rufe faranti wuta ta ragu, samari biyu ke hawa su wanke, ba ni ce kan tsani ba.

Aibin ta unguwa kuwa, da dare akwai iyaka. Ba dutsen guga, ba hita, kuma za ki sha zaman taro.

Ba ki tambaya ba amma ki faɗa wa kwamitinku su yi hattara da masu kaya. Akwai masu ɗauko tsohon batir su goge su manna sabuwar takarda, akwai farantin da za a rubuta wat 500 alhali bai kai ba. Kada a biya sai mai gyaran da ku kuka ɗauko ya gwada a rana, a gabanku, a ba da rasit da garanti a rubuce. Wanda ya ce garantinsa amana ce, ku bar masa kayansa. Kafin ki ba da kuɗinki kuma ki sa a karanta miki yarjejeniyar, ki ji wa ke riƙe da makullin ɗakin batir.