Sharhi: zamiyar ƙanƙara a Lesotho lokacin da Zariya ke tsakiyar damina

Wani ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ya haɗa mana wannan tafiya daga Johannesbag zuwa Afriski, wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara da ke ƙasar Lesotho, ni da abokan aiki da muka je taro tare daga Samaru a watan Yuli. Hukuncina tun farko: wurin ya cancanci kuɗin, amma hidimar kamfanin rabi ce. Wanda zai bi sahunmu gara ya san inda aka gaza tun kafin ya biya.

Mutane da yawa a gida sun yi mamaki da na ce akwai ƙanƙara a watan Yuli, a Afirka kuma. Dalilin ba boyayye ba ne. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5, don haka lokacin da Turai ke fama da zafi, mu kuma masara ke tasowa a gonakin Shika, ƙasashen kudancin duniya suna tsakiyar sanyinsu. Shi ya sa masu wannan wasa ke kwarara zuwa Portillo da Valle Nevado a Chile, ko Cerro Catedral kusa da Bariloche a Ajantina, ko Queenstown a Niyu Zilan, daga Yuni zuwa wajen Satumba. Ga ɗan Najeriya duk waɗannan sun yi nisa, tikitin jirgi kaɗai ya isa ya karya aljihu. Lesotho ce mafi kusa. Ƙasa ce da Afirka ta Kudu ta zagaye ta ko'ina, kuma babu inda ya yi ƙasa da mita 1,000 a cikinta. Afriski na kan tsaunukan Maluti, sama da mita 3,000, kuma kakar wasan daga Yuni ce zuwa Agusta.

Abin da kamfanin ya yi daidai shi ne mota da direba. Tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar, ta kan iyakar Caledonspoort, a wuce Butha-Buthe, sannan a fara hawan Moteng mai lanƙwasa a kan lanƙwasa. Direban dattijo ne mai natsuwa, ya san inda raɓa ke daskarewa a kan kwalta, bai taɓa yin gaggawa ba. A gefen hanya za ka ga makiyayan Basotho, wato mutanen ƙasar, lulluɓe da bargo mai kauri, sanye da takalmin roba, wasu a kan ƙananan dawakansu suna kora tumaki. Da a ce ban ma taka ƙanƙarar ba, wannan hawan kaɗai ya biya ni.

Sai dai hotunan da kamfanin ya turo mana ta WhatsApp sun nuna duwatsu fari fat ko'ina. Ba haka abin yake ba a yawancin kwanaki. Sanyin Lesotho busasshe ne, ba kullum ƙanƙara ke sauka ba, saboda haka injuna ne ke fesa ruwa da dare idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, ya daskare ya zama dusar ƙanƙara. Abin da ka tarar shi ne farin layi guda mai tsawon kusan kilomita 1 ya gangaro, hagu da dama kuma busasshiyar ciyawa. Na damƙi ƙanƙarar a hannu, ba laushi gare ta ba, tsaki-tsaki ce kamar tsakin masara. Wannan ba aibin wurin ba ne, kuma ga ɗan koyo layin ya isa har ya yi yawa. Laifin na wanda ya sayar da hoto ne ya ɓoye bayani.

Darasin koyon shi ne zuciyar tafiyar, kuma a nan nake roƙon kowa kada ya yi rowa. Ana ba ka hayar takalma masu tauri da ke kama ƙafa har ƙwauri, da alluna biyu dogaye da ake maƙala su, da sanduna, da hular kwano. Malamin da aka haɗa mu da shi matashi ne ɗan ƙasar, mai haƙuri. Bai bar mu mun hau sama ba sai da muka iya abu uku: tsayawa, tashi bayan faɗuwa, da rage gudu. Rage gudun nan dabara ce mai sauƙin faɗa: ka kusanto bakin allunan gaba, ka buɗe bayansu, ka danna gefen ciki a cikin ƙanƙara. Jiki yana so ya koma baya saboda tsoro, shi kuma malamin yana ta nanata a jingina ƙwauri gaba a jikin takalmi, domin wanda ya koma baya allunan sun ƙwace masa. Ranar da na fara juya kwana da kaina, nauyina a kan ƙafa ɗaya, allon ya bi umarni, na ji wani farin ciki da na daɗe ban ji irinsa ba. Abokin tafiyarmu, wanda ya girme mu duka, yana daga ƙasa yana ɗaga hannu: "Malam, a hankali dai, iyali na jira!"

Inda kamfanin ya fi ba ni haushi shi ne biza. Wanda ya shiga Lesotho ya fita daga Afirka ta Kudu ke nan, kuma dole ta nan zai dawo ya hau jirgi. Idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka shiga matsala. Ba su tambaye mu ba ko sau ɗaya. Allah ya taimake mu wata 'yar'uwa da ke karatu a can ta ja hankalinmu da wuri, ɗaya daga cikinmu kuwa dole ya haƙura da tafiyar, kuma ba su mayar masa da kuɗinsa duka ba. Ka duba bizarka, ka nemi ta Lesotho, ka riƙe katin rigakafin shawara.

Haka ba su ce komai ba game da tsayin wurin. Zariya ba ta wuce kimanin mita 700 ba, ka tashi ka kwana sama da 3,000, dole numfashi ya yi gajere, kai ya yi nauyi a daren farko. A sha ruwa da yawa, a yi tafiya a hankali, mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tun a gida. Rana ma tana ƙona fuska a can duk da sanyin, sai da tabarau da man shafawa.

Mun gaya musu mu Musulmi ne, suka ce ba damuwa, amma ba su tanadi komai ba. Da kifi da ƙwai da dankali muka rayu, sai kilishi da dabino da na ɗauko. Ana samun naman halal a Johannesbag cikin sauƙi, a saya a tafi da shi a dafa a masauki. Yini gajere ne, magariba na yi tun wajen ƙarfe biyar da 'yan mintuna, ruwan famfo kuma da asuba sai an ɗumama kafin alwala.

Kayan sanyi kuwa kada a saya a can. Jaket mai kauri da safar hannu da hular ulu na samu a 'yan gwanjo na kasuwar Sabon Gari, sun yi aiki sarai. Wandon da ba ya shan ruwa ne kawai na yi haya. Kuɗin rand na Afirka ta Kudu yana tafiya a Lesotho, ba sai ka canza zuwa loti, kuɗin ƙasar, ba.

Zan koma in Allah ya yarda, da yarana wannan karon, amma masauki da darasi da kaina zan kama kai tsaye. Daga kamfanin nan lambar direban kawai na ajiye.