Sa'a 36 ko wuni guda: faifan farko na Led Zeppelin da na Black Sabbath

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka uku kuna kaɗa jita a nan Katsina, kun harhaɗa ɗan kuɗin shiga situdiyo, kuma ka ji cewa faifan farko na Led Zeppelin da na Black Sabbath, ƙungiyoyin makaɗan jita biyu na Ingila, duk a gurguje aka naɗe su, amma har gobe ana saurarensu. Kana son sanin wanne ya fi, da kuma sawun wa za ku bi.

A wurina, idan gwaninta da tsaftar aiki ake nema, Led Zeppelin ne a gaba. Idan kuwa maganar kawo sautin da kunne bai saba da shi ba ce, Black Sabbath suka ciri tuta. Sai dai kalmar nan ta "gurguje" kada ta ruɗe ku, domin saurin nasu ba iri ɗaya ba ne, kuma babu wanda ya yi shi da ka.

Led Zeppelin sun shiga situdiyon Olympic da ke Landan a watannin Satumba da Oktoba na 1968. Jimillar lokacin da suka ci kusan sa'a 36 ne, kuɗin aikin kuma fam 1,782. Abin lura shi ne a lokacin ba su da yarjejeniya da kowane kamfani. Mai jitarsu Jimmy Page da manajansu Peter Grant ne suka biya daga aljihunsu, sai da aiki ya kammala sannan suka kai wa kamfanin Atlantic abin da suka riga suka gama. Page ba baƙo ba ne a situdiyo. Shi da John Paul Jones, mai jitar bas, sun shafe shekaru ana ɗaukarsu haya suna yi wa wasu mawaƙa kiɗa a faifansu, don haka sun san abin da kowace sa'a take ci. Page da kansa ya zama furodusa, Glyn Johns kuma ya riƙe na'ura. Kafin su shiga ɗakin ma, sai da suka zaga Denmak da Suwidin a watan Satumba suna kaɗa waɗannan waƙoƙi a gaban jama'a, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya da inda zai tashi.

Su kuwa Black Sabbath 'ya'yan talakawa ne daga unguwar Aston a Bamingham, garin masana'antu. Ozzy Osbourne, Tony Iommi, Geezer Butler da Bill Ward ba su da gogewar situdiyo irin ta su Page. A watan Oktoba na 1969 suka shiga Regent Sound a Landan tare da furodusa Rodger Bain, suka kaɗa abin da suka saba kaɗawa a gidajen rawa, gaba ɗayansu a lokaci guda, Ozzy yana rera waƙa a wani ɗan keɓaɓɓen ɗaki. Wuni ɗaya suka gama, suka kama hanyar Suwizalan inda aiki yake jiransu. Ko haɗa sautin ba a gabansu aka yi ba. Ƙarar ruwan sama da tsawa da ƙararrawa da ke buɗe faifan daga baya aka saka su. Amma su ma kafin wannan wunin sun sha kaɗa kiɗa dare bayan dare a Jamus, musamman Hambog, sa'o'i masu yawa a jere.

Ka ga ke nan duka biyun ba su fafe gora ranar tafiya ba. Ka tuna makaɗan marigayi Dokta Mamman Shata: da ya ɗaga murya kalangu ya san inda za shi, 'yan amshi sun san inda za su shigo, ba don an rubuta musu ba sai don yawan zama tare a fagen biki. Wanda ya kai nan, sa'a kaɗan ta ishe shi a gaban makirufo.

Inda suka fi rabuwa shi ne sautin kansa, kuma nan ne nake son ka sa belun kunne ka saurara da kyau. A faifan Zeppelin za ka ji ɗakin yana numfashi. Page ba ya manna makirufo a bakin lasifika kawai. Yakan ajiye ɗaya kusa, ya ajiye wani can nesa, ya haɗa su, sai gangunan John Bonham su fito da faɗi kamar kana tsaye a cikin zauren. Akwai hawa da sauka: jita mai taushi ta katako, sai kwatsam a buɗe wuta, sai a koma ƙasa. Har sandar goge irin ta Turawa Page ya ɗauka ya goga a kan jita. Muryar Robert Plant kuma sama take tafiya, siririya mai kaifi.

Na Sabbath nauyi ne da jan ƙafa, kuma wani ɓangare na nauyin daga hatsari ya samo asali. Mai jitarsu Iommi yana da shekara 17 injin yanka ƙarfe ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Da yake bahago ne, wannan hannun ne yake danna tsirkiya da shi. Sai ya narkar da robar kwalbar sabulun wanke-wanke, ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya liƙa fata a kai don kada su riƙa zamewa, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri. Mutumin da ba ya jin tsirkiya a kan yatsarsa dole ya sake salon dannawa, ya dogara da gajerun jimlolin kiɗa masu ƙarfi da ake maimaitawa. Ko a ranar naɗin, jitarsa ƙirar Fender ta samu matsala, ya ɗauki ta ajiya ƙirar Gibson SG ya ƙarasa aikin, kuma da irinta aka san shi har yau. Duk lokacin da na ji matashi yana cewa rashin kayan aiki ne ya hana shi, wannan labarin nake so ya ji.

A wajen karɓuwa kusan ƙaddararsu ɗaya. Na Zeppelin ya fito a Amurka a Janairun 1969, a Ingila kuma a watan Maris. Mujallar Rolling Stone, ta alƙalamin John Mendelsohn, ta kushe shi, ta ce bai kai aikin ƙungiyar Jeff Beck ba. Duk da haka ya kai na 10 a jerin faifan da suka fi kasuwa na mujallar Billboard ta Amurka, na 6 a Birtaniya. Na Sabbath kamfanin Vertigo ya fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970. A mujallar dai, Lester Bangs ya ce kwaikwayon ƙungiyar Cream ne, kuma bai ma kai ba. Ya kai na 8 a Birtaniya, na 23 a Amurka. Masu alƙalami sun ƙi, matasan da suka gan su ido da ido suka saya. Yau kuma na Sabbath ne da yawa suke ɗauka a matsayin tushen kiɗan da ake kira hebi metal.

Kowannensu yana da abin da ba zan so ku ɗauko ba. Zeppelin sun ɗebi abubuwa da yawa daga kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka da wasu mawaƙa. Waƙoƙi biyu na mawaƙin bulus Willie Dixon an rubuta sunansa, amma akwai wadda mawaƙi Jake Holmes ya kai ƙara a kanta a 2010, aka sasanta, aka ƙara sunansa a jikin faifai. Haƙƙin mutum ne, kuma shekara 40 ba ta binne shi ba. Sabbath kuma sunansu da hotunan bangon faifansu da maganganun aljanu da duhu sun jawo musu zargin tsafi. Su sun ce gargaɗi suke yi, ba kira ba, kuma juyayyen gicciyen da ke cikin bangon kamfani ne ya saka. Ko ma yaya ne, wannan ba kayanmu ba ne, kuma a garin da kuke fita sallar asuba tare da iyayen masu sauraronku, babu abin da zai ƙara muku. Ku ɗauki nauyin kiɗan, ku zuba masa Hausarku da damuwar unguwarku. Ba ku ne farko ba a wannan yanki: tsallaken iyaka, Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda shi ma bahago ne, sun nuna cewa jitar lantarki tana iya magana da harshen gida, har Turai da Amurka su saurara.

To sawun wa? A naɗi ku bi Sabbath, domin aljihunku da nasu ya fi kama. Ku zaɓi waƙa shida ko bakwai, ku yi ta kaɗa su a zaure da wuraren biki har sai kun daina kallon juna kafin ku juya, sannan ku kama wuni ɗaya ku kaɗa tare. Matsalar da za ku tarar ita ce yawancin ƙananan situdiyonmu don fiyano da kwamfuta da murya ɗaya aka tsara su, ɗan ɗaki mai soso a bango, ba don ganguna da jita uku ba. Ku je ku duba ɗakin tun da wuri, ku ƙirga makirufo nawa mai wurin yake da su, ku tambayi yadda janareta yake, don ƙararsa na shiga naɗi.

A mallaka kuma ku bi Page. Ku biya da kuɗinku, kuma tun kafin a kunna na'ura ku yi magana da mai situdiyo a gaban shaida cewa zai ba ku sautin kowace jita da ganga da murya daban-daban a filashi, ba haɗaɗɗiyar waƙa kawai ba. Ku kuma rubuta a takarda wa ya tsara wace waƙa, kowa a cikinku huɗun ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.